Ni Na Buga Motar, Amininsa Ya Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

A garin Silver Spring na ƙasar Amurka muke zaune, ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana injiniya. Yana da wata tsohuwar motar Amurka ja, mai dogon hanci da ƙarar inji kamar tsawa, ta ma girme ni. Matsalarta ƙafafun gaba, sai ka yi ta murza sitiyari kafin ta ji, in ta faɗa rami kuwa ta dinga lilo. Sai amininsa tun sakandare, ɗan Jos, bari in kira shi Bitrus, wanda shi ke wa mutanenmu gyaran mota, ya ce a bar masa. Wata uku duk Asabar suna ƙarƙashinta a garejinmu, suka sauya sifirin, shakazoba, tayarod, har akwatin sitiyarin. Ranar da suka gama maigida ya ce yanzu da yatsa ɗaya ma za a juya ta, sannan ya dube ni yana dariya ya ce ban da ni, ko makullin kada in taɓa.

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ni da nake tuƙi zuwa Washington kullum? Da ya yi tafiyar aiki, na fito da ita da hantsi, niyyata in kai ƙarshen layi in dawo. A kwana na taka mai kamar a tawa motar, ta zabura, tayar dama ta daki dakalin gefen titi, har haƙorana suka haɗu. Na lallaɓo gida, na wanke tayar da soso, na mayar da makulli inda yake. Me ya hana ni kiran sa a lokacin? Wallahi kunya ce kawai.

Ya dawo ya fita da ita, ya shigo ransa a ɓace, wai mota na jan dama, saura kaɗan ya shige ƙarƙashin tirela. A wajen wani suna a Annandale, gaban mutane, ya ce wa Bitrus aikin ha'incinsa ya kusa kashe shi. Ina jin su daga ɓangaren mata, na sunkuyar da kai ina juya shinkafa.

Washegari Bitrus ya zo ya shiga ƙarƙashin motar ya daɗe. Maigida ya shiga ciki amsa waya, sai Bitrus ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu, ya ce mini a hankali, "Maman yara, bugu ne ya lanƙwasa ƙarfen nan, kuma ya tsage daga ciki." Na kasa ɗaga ido. Ya ce, "Ba zan shiga tsakaninku ba. Amma kada kowa ya hau ta sai an sauya." Da maigida ya fito, bawan Allahn nan ya ce ƙila shi ne bai ɗaure noti da kyau ba, a yafe masa, a bar shi ya sake aikin. Maigida bai ko bari ya ƙarasa ba, ya ce kada ya ƙara taɓa masa mota. Tun ranar ba sa gaisawa, mutane kuma sun daina kai masa gyara.

Yanzu maigida ya ɗaɗɗaure notuka da kansa, ya daidaita sitiyarin, ya ce ta warke. Na ce a kai wa wani ya duba, ya ce ni allura kawai na sani. Bitrus ya kira shi sau uku bai ɗauka ba. Maigida mutum ne da ya shekara biyu ba ya magana da ƙaninsa saboda ƙarya ɗaya, ni kuwa wata guda ke nan muna cin abinci tare da tawa ƙaryar.

Ranar Lahadi zai ɗauki 'yarmu a motar su je College Park, ta babban titi, tun jiya take murna. Saura kwana huɗu, Anti. Me zan yi?