A Ba Yaya Ƙarfen Baba

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya ƙafar taki? Ya su Yaya da yara?

Ni lafiya lau. Sabulun gidan wankin nan ya ɗan ci mini hannu, amma ina shafa mai, kada ki damu.

Na ji ranar Lahadi duk majami'u za su haɗu a yi wa ƙasa addu'a, Allah ya warkar da ita, ya farkar da zukatanmu. Mu ma 'yan gida za mu durƙusa a ɗakin ajiya bayan aiki. Sai dai a nan ba a buga ƙararrawa. Nakan tuna tsohon wilin motar da ke rataye a bishiyar coci, yadda Baba ke buga shi har ki ce zai ta da matattu.

Na san tun da aka kashe Baba a rikicin nan Yaya bai ƙara shiga coci ba. Ki roƙi Fasto a ba shi ƙarfen Baba ya buga ranar, ki kira ni a waya in ji ƙararsa. Kada ki matsa masa ya shiga, Mama. Mai bugu ai a waje yake tsayawa.

Ubangiji ya riƙe ku.

Autarki