Na zargi ɗiyata da satar ƙwai, ashe maciji ne a akurki

Assalamu alaikum Anti Basira. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki ɓoye sunana, domin a unguwarmu nan Kankiya ni ce matar da ake kawo wa yara in yi musu faɗa.

Shekara tara ke nan ina kiwon kajin Hausa a bayan ɗaki. Duk damina nakan aika Ƙofa, garin maigidana a ƙasar Kusada, a kawo mini ƙwan zabi in sa wa kaza ta kwanta, tunda zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Akurkina na laka ne mai ƙaramar ƙofa, sai dai mutum ya zura hannu ya laluba. Lalubawar nan aikin ɗiyata Sumaiya ne, mai shekara goma sha huɗu. Ni ban yarda yarinya ta tashi ba ta san wahalar abin da take ci ba. Yaran yanzu in ka sakar musu, waya ce za ta yi musu tarbiyya.

Bana na sa ƙwai ashirin a ƙarƙashin kaji biyu. Sai suka fara raguwa, yau ɗaya, jibi biyu. Ba ɓawo, ba alamar fashewa. Na san ɓera da gafiya fasawa suke yi su bar shaida, don haka na ce wanda ya ɗauke ƙwai ɗungurungum mai hannu ne. Na tsare Sumaiya. Ta rantse, na ce rantsuwa ba ta yi wa ɓarawo wuya. Na hana ta zuwa walimar saukar ƙawarta, na yi mata wa'azin amana a gaban ƙannenta. Ban doke ta ba, amma na san da dukan na yi da ya fi mata sauƙi.

Da sauran suka ƙyanƙyashe, sai na tsinci wani ɗan zabo ya mutu, kansa da wuyansa jiƙe da yauƙi kamar an tsotse shi. Ban gane ba. Ranar Juma'a da hantsi na je ɗiban karan dawa da na jingina a jikin akurkin don kare shi daga ruwan sama, a nan nake ɓoye buhun dusa ma, sai ga saɓar maciji, ta fi taɓarya tsawo. A bayan karan kuwa ga tsaga a jikin laka. Anti, sai da na zauna a ƙasa. Wata guda ina tura hannun ɗiyata cikin duhun nan kowace safiya.

Tun ranar tambayoyi suke cin raina. Ta yaya abu mai wannan girma zai bi ta tsagar da yatsuna biyu kawai ke shiga? Me ya sa ya bar ɗan zabon bai haɗiye ba? Kuma me ya kawo shi bana, bayan shekara takwas lafiya lau? Ban canza komai ba, in ban da kyanwar da na kora bara saboda ta ci mini ɗan tsako. Tun tafiyarta dai ɓeraye sun sami sarauta.

Shawarwari kuwa sun yi mini yawa. Wata ta ce in zagaye akurkin da kananzir ko baƙin mai. Wata ta ce tafarnuwa, wata hayaƙin taya. Inno, uwar maigidana, ta aiko cewa kada a kashe shi, ba a san ko wane ne ba, ba ta ma kiran sunansa, sai dai igiyar ƙasa. Na yi sakandare, ba komai nake ɗauka ba, amma ina son sanin wanne ne gaskiya.

Ga abin da ya fi damuna. Na karɓe aikin akurki daga hannun Sumaiya ban faɗa mata dalili ba, na kuma binne saɓar. Yanzu ta ɗauka na daina yarda da ita ne gaba ɗaya. Ba ta ƙin aike, amma ta daina hira da ni. Mu dai ba mu taɓa jin uwa ta ba ɗiya haƙuri ba. Ina tsoron in na yi, raini ya shiga, faɗana ya daina tasiri a gidan. Yaya zan yi?

Uwar Biyar, Kankiya.

Wa alaikumus salam, Uwar Biyar. Da farko mu gode wa Allah da ya tsare hannun yarinyar nan. Daga yau kada kowa ya sake zura hannu inda ido bai gani ba, har ke. A haska tocila tukuna, a taɓa da sanda.

Lissafinki a kan ɓawo daidai ne, mai laifi ɗaya kika manta. Macijin da ke bin akurki, irin su gamsheƙa, haɗiye ƙwai yake yi ɗungum. Yana kuma iya matse jikinsa ya bi ta tsagar da ba ki zata ba. Ɗan zabon da kika gani a jiƙe, ga alama haɗiye shi ya fara, ya yi masa girma ko aka firgita shi, ya amayar.

Kin ce ba ki canza komai ba, amma amsar tana cikin wasiƙarki. Kyanwa ta tafi, dusa ta kira ɓera, ɓera ya kira maciji, karan dawa ya ba shi masauki mai sanyi, sai ya tarar da ƙwai a maƙwabta. Saboda haka ki kwashe karan nan da doguwar sanda ki kai shi nesa, ki share ciyawa da tarkace, kewayen akurki ya zama fili fetal. Dusa ta koma cikin duro mai murfi, kada a bar ragowar tsaba ta kwana a ƙasa. Ki ɗana wa ɓeraye tarko, ban da guba, don kaji na iya tsattsaga.

Kafin a liƙe tsagar, a fitar da kajin a tabbatar ba a rufe macijin a ciki ba. In da hali, kafinta ya yi wa 'yan tsaki keji mai ƙafafu, da ragar waya mai ƙananan idanu wadda ɗan yatsanki ba zai shiga ba. Ki barbaɗa toka a kewaye da yamma, da safe sawu zai gaya miki ko yana zuwa, da kuma ta inda yake bi.

Kananzir, baƙin mai, tafarnuwa da hayaƙin taya, ban san wanda cikinsu ya tabbata yana hana maciji mai jin yunwa ba. Mai da hayaƙi ma 'yan tsakinki za su fara cutarwa. Maganar Inno kuwa ba ta gardama ba ce, don tana da amfani ta wani gefen: masu bin maciji da sanda su ne ya fi sara. In an gan shi, a janye yara a kira wanda ya san aikin. In ya tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. In sara ne, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurewa tamau, asibiti kai tsaye.

Saura Sumaiya. Tsare amana da kike koya mata abu ne mai kyau, ban ce ki sassauta ba. Amma yanzu amanar tana wuyanki, domin ke kaɗai kika san yarinyar nan ba ta yi sata ba. Ba haƙuri ke kawo raini ba. Abin da zai kashe faɗanki shi ne ranar da ta gano kin san gaskiya kika yi shiru, kuma yara suna ganowa. A gaban ƙannenta kika kira ta ɓarauniya, to a gabansu za ki wanke ta. Ba sai kin yi dogon jawabi ba. Ki kai su bayan akurki, ki nuna musu tsagar, ki ce kin yi kuskure, ta yafe miki. Wa'azi ne da ba su taɓa ji daga bakinki ba, kuma shi za su fi riƙewa.

Kada ki bari Juma'a ta zagayo ba ki yi ba. Allah ya tsare gidanki, ya raya zabinki, ya dawo miki da hirar ɗiyarki.

Anti Basira.