Ranar da Aka Kama Wanda Ya Fasa Mini Rumbu

Talata da dare, Gangara

Na kasa cin tuwo yau. Da hantsi aka kama wanda ya fasa mini rumbu, da damman hatsina a kan amalanke. Ashe Sale ne, maƙwabcin gonata. Kafin in iso mutane sun kewaye shi da sanduna, bakinsa duk jini. Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba. Na ce, "Hatsina ne aka ɗauka. Kada wanda ya ƙara taɓa shi."

Ni da ƙanena muka kai shi wajen jandarma a Tanut. Kumandan ya ce fasa rumbu yana kai mutum gidan kaso, amma alƙali ne zai yanke.

Bayan la'asar Kawu Idi ya zo. Ya ce, "Ɗana, ka cece shi daga duka, ka ƙarasa alherin, ka janye ƙarar."

Na ce, "Kawu, rumbu na uku ke nan da aka fasa bana, kowa ya yi shiru."

Tunanin 'ya'yan Sale ya hana ni sakat. Gobe zan aika musu da hatsi. Amma ranar shari'a zan tsaya gaban alƙali in faɗi abin da na gani.