Nima Ta Fi Kusa da Filin Jirgi

Nima, Accra
Watan Rajab, 1994

Zuwa ga mai sunan mahaifina,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kare ka daga sanyin Ingila. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, ƙanwarka Salimatu kuma ta sauka lafiya, an sami mace.

Kaset ɗin da ka aiko wa baffanka Abukari ya zagaye unguwarsu ta Abossey Okai kaf kafin ya iso kunnena. A shagonsa na kayan mota na saurare shi, a tsaye, cikin makanikai. Na ji yadda kuke ɗibar ƙwayoyin halitta daga ɗan tayin ɓera, kuna renonsu a faranti cikin akwati mai ɗumi, kuna sauya musu ruwan abinci kullum. Na ji ka ce wasunsu sun zama tsokar zuciya, suna bugawa da kansu. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci. Ban taɓa jin ka yi magana mai tsawo haka ba.

Ka ce ƙwayoyin ba sa zama yadda ake so sai an shimfiɗa musu waɗansu a ƙasa masu renonsu. Tun ranar Abukari yake gaya wa jama'a a ƙofar masallaci cewa shi ne shimfiɗar, tunda shi ya riƙe ka tun daga yaye. Ban musa riƙonsa ba. Da hannuna na miƙa masa kai, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Na so in tambaye shi ko shimfiɗar ce ta haifi ƙwayoyin, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kunya ce take hana uba ambaton ɗan farinsa, ba rashin so ba.

Yanzu Abukari ya ce ka sami wanda zai ciyar maka da ƙwayoyin a watan azumi, za ka zo gida, kuma wai wurinsa za ka sauka. Mahaifiyarka ta riga ta sa an yi wa ɗakin zaure fenti. Ba umarni nake ba ka ba, sai dai ka sani Nima ta fi Abossey Okai kusa da filin jirgi. Amsarka kuma ta zo da sunana, ba ta hannun baffanka ba.

Mahaifiyarka, da gwaggonka Amama, da Salimatu da maigidanta Issah duk suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Jibirilu