Sauke Ne, Ba Sauƙi Ba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu ma alhamdu lillahi. Ƙafar Baba ta yi dama, Inna kuma tana nan da faɗanta, wanda ka san shi ne alamar lafiyarta.

Yaya, an tuna da tsohuwar hanyar fatake ta bayan gidanmu, wadda Turawa suka riƙa koro 'yan dako a kanta. Ana kafa alluna zango-zango, kowane da tarihin wurinsa, namu kuwa a gindin dutsen da muke hawa muna yara. Na raka Baba ya gani, na karanta masa abin da mai fenti ya zana da alli: wai ana kiran wurin Sauƙi domin a nan Bature ya tausaya wa 'yan dako ya ba su hutu.

Ban taɓa ganin Baba ya fusata haka ba. Ya ce babu wani tausayi. Mahaifinsa ne shugaban 'yan dakon. Kwana biyu ana kora su ba hutu, har ɗayansu ya faɗi da kaya a ka bai tashi ba. Nan kakanmu ya daka tsawa ya ce a sauke, mutum sittin suka dire kaya, suka ƙi ɗauka sai da aka yi wa mamacin sutura. Baturen ya ji sauke, ya rubuta abin da kunnensa ke so.

Malamin tarihin da ke kula da aikin mutumin kirki ne. Ya saurari Baba har ƙarshe, ya ce shi daga littafin Turawa ya kwafo, amma in mun kawo shaida kafin ƙarshen wata zai gyara. Sai na tuna kaset ɗin da ka ɗauki muryar Kaka tana ba da labarin nan, shekarar da ka sayi rediyo ka hana kowa sakat. Da shi ka tafi, na gan shi a akwatinka. Don Allah ka nemo, ka kunna, ka naɗo mana a waya. Kuma ban da "gobe" irin taka mai cin shekara.

Raina ya ba ni za a dace. Mai fentin ma ya shafa wa haruffa ukun farko na sunan fenti, wato Sau, ya dakata, ya ce ba zai ƙarasa ba sai ya ji daga gare mu. Baban da muke lallaɓawa ya taka tsakar gida, yanzu kullum da hantsi sai ya je dutsen ya dawo da ƙafarsa.

Inna da Gwaggo da Auta suna gaishe ku, a shafa mini kan yara. Baba bai aiko da gaisuwa ba. Cewa ya yi in gaya maka haruffa biyu yake jira.

Taka ƙanwa,
Malamar gidanku