Ganyen Babana a Bikin Baikonka

A-Hai nawa, Jinhai, hasken idona, raɓar safiyar Dutsen Fenghuang, ruwan marmaro mai sauka ƙirji da sanyi, kai da muryarka a bakin ƙofa ke sa in manta buta a kan wuta har ruwa ya ƙone,

Ina gaishe ka da gaisuwar da na saba, don hannuna bai iya wata ba. Na so in buɗe takardar nan da sunanka tsurarsa, Weng Jinhai, kamar yadda ake rubutawa a ofis, alƙalami ya ƙi. Saƙonka ya shigo wayata, na karanta: wai Mama, mahaifiyarka, ta ji daɗin shayin, jikinta ya yi sauƙi, in akwai saura in aiko maka kafin ƙarshen wata. Ban amsa ba. In na kira ka muryata za ta karye, kai kuwa gwani ne wajen lallashin murya mai karyewa. Saboda haka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna ranar da ka fara shigowa tsakar gidanmu a nan Chaozhou? Kwali ne a kafaɗarka cike da ’yan butocin jar yumɓu, kana bi gida-gida kana talla, gumi ya manna maka riga a baya. An ce maka ’yar marigayi Zhuang mai gasa shayi tana neman buta. Na ce ba na sayen butar da ban ga zubinta ba. Na hura gawayin ƙwallon zaitun, na jera finjali uku. Na zuba maka shayin da ake kira Furen Zuma, ka shanye ka ce da daɗi. Na zuba na yankin Anxi, ka ce da daɗi. Na zuba maka ruwan da na ɗauraye finjalan da shi, ka lumshe ido ka ce wannan ma ba laifi. Ranar na sa maka suna Harshen Katako. Ka yi dariya har da buga cinya, ka ce to in sassaƙa shi mana.

Na sassaƙa kuwa, masoyina. Kullum da yamma, in rana ta sauka daga kan katanga, sai ga ka, mu zauna ƙarƙashin rumfa, gwangwanaye a jere tsakaninmu. Ganye biyu, ruwa ɗaya, zafi ɗaya, don kada a zalunci kowanne. Na koya maka ka sansana busasshen ganye a cikin buta mai ɗumi, ka zubar da ruwan farko, ka zagaya da zubi bisa finjalai har ɗigon ƙarshe don kada wani ya fi wani kauri. Na koya maka ɗaci daban, bauri daban: ɗaci a bayan harshe yake zama, bauri dasashi yake kamawa, in kuma ganyen kirki ne sai ya saki ya bar zaƙi can cikin maƙogwaro. Mun ajiye shayin dutsen Wuyi kusa da namu, ka ce shi kamar dutsen da rana ta gasa aka yayyafa wa ruwa, namu kuwa kamar an buɗe taga a kan lambu. Ranar da na ɗauko wanda ake kira Kashin Agwagwa ka ja kujera baya, ka ce komai na ce za ka yi amma ban da wannan. Da ka kurɓa kuma ka miƙo finjali a ƙara, ka ce a gaida agwagwar. Ni ma ban tsira ba, Uwar Bauri kake kirana, wai sai an daure da ni kafin a ji zaƙina.

Akwai wata yamma da ake yayyafi, ƙamshin jiƙaƙƙen bulo ya cika tsakar gida. Na sa ka juya baya, na haɗa ganye iri ɗaya a buta biyu, ɗaya daga gindin dutse, ɗaya daga can sama inda gajimare ke kwana. Ka kurɓi wannan, ka kurɓi wancan, ka ɗaga finjalin da ba komai a ciki ka sansana, sannan ka nuna na saman. Na tambaye ka yadda aka yi ka gane.

Ka ce, “Na ƙasan yana gama maganarsa ya tafi. Wannan kuwa ya tafi amma ina jin sa. Kamar ke.”

Wayyo A-Hai! Wace mace ce za a faɗa wa haka ta ci gaba da kulle ƙofarta? Wace ƙasa ce ruwa zai sauka mata bayan dogon fari ta ce ba ta sha?

Ka san bishiyar Baba. Ita kaɗai ce a bayan tsohon gidan kakanninmu a kan dutse, gansakuka ta rufe mata jiki, sai da tsani ake tsinkarta, abin da take bayarwa a shekara kuwa ba ya cika gwangwani biyu. Baba bai taɓa sayar da ko tsinke ɗaya ba. Iyali ke sha, a kuma ajiye wa kakanni a gaban turare. Tun rasuwarsa ni ke tsinka, ni ke shanyawa, ni ke girgizawa, ni ke gasawa bisa garwashin da aka lulluɓe da toka, yadda ya nuna min. Kai ne bare na farko da ya sa ta a baki, ni kuma da na zuba maka, ba bare na zuba wa ba, ka kuma sani. Ka riƙe finjalin da hannu biyu. Ka ce in tsinka ta zagayo kai za ka riƙe min tsani, daga nan mu wuce ƙauyenku a Raoping in ga Mama.

Da sanyi ya shigo ka zo min fuska a yamutse. Ka ce Mama ba lafiya, bakinta ya mutu, ko kunun shinkafa da ƙyar take haɗiyewa. Ba ka roƙa ba, wannan gaskiya ne, gwangwanin kawai ka kalla. Ni na miƙe da ƙafata na cika maka takarda, na naɗe, na ɗaure da jan zare. Na ce in bi ka in duba ta, ka ce hanya ba kyau, a bari ta ji sauƙi. Daga nan zuwanka ya yi ta ja da baya. Aiki ya yi yawa a Shantou, ka ce. Na yarda, don ban taɓa koyon yadda ake ƙin yarda da kai ba.

Sai ga Goggo Suzhen, ƙanwar Baba da ke aure a Shantou, wadda ba ku taɓa haɗuwa ba, sunanka kawai ta sani daga bakina. Ta zo ba sanarwa. Ta ajiye alawar gyaɗa irin ta baiko a kan tebur, ta ce daga gidan tsoho Cai mai masana’antar tangaran take, matarsa ƙawarta ce, an yi baikon ’yarsu. Sannan ta fito da wani ɗan ƙunshi.

“Peishan, hura wuta,” in ji ta. “Harshena ya tsufa. Wani ganye aka ɗiba min, ina so ki gwada min shi da na yayana.”

Dariya na yi, don mutane da yawa sun sha kawo ganye suna cewa ya kai na Baba. Na ɗumama buta biyu. Tun da busasshen ganyen ya faɗa buta ƙamshi ya taso. A zubin farko na ce wa kaina bishiyoyi sukan yi kama. A na biyu na ce dutsen ai ba namu kaɗai ba ne. A na uku ɗanɗanon gansakuka ya fito, sanyin nan mai bin maƙogwaro har ƙirji, a bayansa kuma wani ɗan ƙamshin ƙanzo, siriri, wanda ba kowa zai kama ba. Ka san daga ina ya zo? Ranar da nake gasawa ta biyu ka ƙwanƙwasa ƙofa, na tashi na tarbe ka, na daɗe a zaure, wuta ta ɗan wuce. Ƙanzon nan yana cikin finjalin dama, yana cikin na hagu. Na juye jiƙaƙƙen ganyen butocin biyu a faranti, kore mai jan baki, kamar tagwayen da aka raba aka sake haɗawa.

Goggo ba ta taɓa finjalinta ba, bango take kallo. A hankali ta ba ni labarin. Angon ne ya kawo ganyen gaisuwar suruki. Ya ce bishiyar kakansa ce, da hannunsa ya gasa. Shi ya zauna gaban baƙi ya haɗa, ya zagaya da zubi har ɗigon ƙarshe, ya yi musu bayanin bambancin ɗaci da bauri. Tsoho Cai ya yi ta jinjina kai, ya ce bai zaci zai sami suruki mai harshe haka ba, ya kuma ce ranar biki, in ango da amarya sun durƙusa ba manya shayi, wannan ganyen yake so a ba shi, ba wani ba.

“Sunan yaron Weng Jinhai,” ta ce. “Bakina ya kasa faɗa miki, shi ya sa na kawo ganyen.”

A-Hai, rabin raina, me na yi maka? Da zuciyarka ce ta tashi ta koma wani reshe, ai tsuntsu ma yana sauya reshe, da na yi kukana na share hawaye. Amma da ganyen babana? Da kalmomin bakina? Da zubin da na riƙe hannunka na gyara maka, yatsa bisa yatsa? Ka kwashe yammacinmu duka, yayyafin nan, dariyar nan, ka ɗaure da zarena ka kai gidan wani ka nemi ’yarsa da su! Ita yarinyar ba ni da abin cewa a kanta, ba ta san da ni ba. Kai ne ka san ƙafar da ta hau tsani. Lokacin da kake zuba wa tsohon nan, tururi na dukan fuskarka, ba ka ji ƙanzon ba? Ba ka tuna a ina kake tsaye lokacin da wutar ta wuce ba? Ko ka ji, ka haɗiye, ka yi murmushi?

Ina cikin wannan saƙonka ya shigo, cewa Mama tana son ƙari. Na san wanda ke son ƙari. Amma na ce tunda da sunanta ka nema, ita zan kai wa.

Na ɗauki abin da ya rage a gwangwani na shiga motar Raoping. Hanyar lafiya lau take, A-Hai, shimfiɗe da kwalta har bakin ƙauyenku. Na tambayi gidan su Weng, aka nuna min. Na tarar da wata dattijuwa a bayan gida, ta naɗe ƙafar wando, tana koro agwagi daga kududdufi da doguwar gora tana yi musu tsawa da muryar da ta fi tawa ƙarfi. Idanunta irin naka. Na gaishe ta, na ce wucewa nake yi na gaji. Ta jawo min kujera, ta ɗora ruwa, ta ɗauko ganyenta na kasuwa tana ba ni haƙuri wai shi ke nan abin da take da shi. Na tambayi jikinta, ta ce rabonta da kwanciya ciwo har ta manta. Na ce ta bari in haɗa mata wani da na zo da shi.

Ta kurɓa, ta riƙe finjalin a ƙirjinta. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa sa irin wannan a baki ba. Sai ta dube ni da fara’a, ta ce, “’Yata, ke kuwa ’yar gidan wa? Yaya sunanki?”

Na faɗa mata. Zhuang Peishan. Na faɗa a hankali, ina kallon idonta, ina jiran ko gira ta motsa. Ta maimaita, ta ce suna mai daɗi. Ba ta taɓa jin sa ba. Duk tsawon lokacin nan da kake kawo min gaisuwarta, kake cewa tana tambayar yaushe zan zo, ko sau ɗaya sunana bai shiga gidan nan ba. Ta kama hannuna ta ce ɗanta zai yi aure a Shantou, in ina kusa in zo in ci tuwon biki, ta cusa min lemo biyu a jaka.

Ban faɗa mata komai ba. Ban aika wa tsoho Cai kowa ba, na kuma roƙi Goggo ta kama bakinta. Ganyen na bar wa Mama, duka, na nuna mata yadda za ta rufe gwangwanin kada iska ta shiga. Yana kan kantar ɗakinta kusa da hoton babanka. In kana buƙatarsa ranar biki, je ka karɓa a hannunta, ka faɗa mata wace ce baƙuwar da ta kawo shi, da abin da za ka yi da shi.

Abu ɗaya nake roƙo, hasken idona, kuma ba dawowarka ba ne, don ban san abin da zan yi da kai ba in ka dawo. Ka zo ka tsaya a gabana ka faɗa da bakinka. Kada ka aiko saƙo, kada ka turo aboki. Ka ba ni wannan kaɗai, in ji daga muryar da na yarda da ita, ko zan iya fara ƙaryata ta.

Don kunyar da ta fi kowace ita ce wannan: na dawo daga Raoping ina kuka a mota, da muka shigo gari kuma na kama kaina ina leƙen taga ko zan hango ka a bakin gada. Na nemi ƙiyayya a duk lungun ƙirjina kamar mai neman allura a tabarma, ban samu ba. Kogin Han zai ci gaba da gangarawa teku ko tekun bai gode masa ba, haka zuciyar nan take, ba da shawarata ba. Ban taɓa son wani kafin kai ba, ban ga alamar zan so wani bayanka ba. Alkawarin da muka yi mu biyu, ka ajiye rabinka, ni nawa yana nan a hannuna, da shi za a binne ni.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da numfashi zai bar ƙirjina,

Peishan