Katifar Ranar Talata

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Mai shagon ƙasan benenmu ne yake rubuta mini, na ce masa yadda na faɗa haka zai sa, kar ya gyara mini baki.

Yaya, kin cuce ni. Ke kika kai sunana ƙungiyar nan, wai za su ba ni aron keken ɗinki, su haɗa ni da wadda za ta kama mini hannu har in tsaya da ƙafata. To sun haɗa ni. Mai Biro nake ce mata. Duk Talata sai ta hawo tana haki, ta zauna a kan bokitina, wai ƙanwata ya aka ji da aiki. Ƙanwar wa? Me muka ci, ta rubuta. Riga nawa na ɗinka, ta rubuta. Yaushe baban yarinya zai dawo daga tuƙi, ta rubuta. Ni ko bihim ban sani ba, sai dai in bi hannunta da ido kamar kaza.

Allah Ya saka wa matar mai walda, ta ɗakin da ke kallon nawa. Ita ta faɗa mini gaskiya: da sun ga ka fara samu, sai su goge sunanka su ɗauke kekensu. Ni kuwa ɗinki ya fara shigowa, har na sayi katifa da fanka. Shi ya sa duk Talata da safe muke jan su zuwa ɗakinta, in shimfiɗa tsohuwar tabarma. Mai Biro tana sauka mu jawo su. Wata biyu ke nan, bayana ya kusa karyewa.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki

Yaya,

Ina gaisuwa, amma ba lafiya ba. Ki zo. Na ce ki zo.

'Yarki ta wajena tana tari, irin wanda ke yawo a benen nan, duk yaran sun yi. Jiya Mai Biro ta ji. Ta durƙusa ta ɗaga tabarma, ta dafa simintin da tafin hannu, ta kalle ni. Wai a nan take kwana? Na ce e. Me zan ce? Ta yi rubutu har ta juya takarda. Wai mako mai zuwa da ma'aikaciyar lafiya za ta zo.

Matar mai walda ta ce haka suke farawa. Su kawo mai farar riga ta ce uwa ba ta iya riƙo ba, shi ke nan, su ɗauki yarinya su kai gidan da ba a ba ka adireshi. In na fito da katifa, keke ya tafi. In na ɓoye, 'yata ta tafi. Ke kika jefa ni a ramin nan kina can kina barcinki. Mai shago yana cewa in sassauta. Ba zan sassauta ba, rubuta.

Ƙanwarki

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, tunda ba lafiyarmu ce ta dame ki ba. Ba ki zo ba. Na riƙe wannan.

Ranar Talata ban ja komai ba. Na bar katifa a wurinta, na kunna fanka. Keken na lulluɓe shi na turo shi bakin ƙofa. Na goya 'yarki, na ƙulle zanin sau uku. Suna hawowa na ce ga tsiyarku nan ku ɗauka, amma duk wadda ta taɓa mini goyo sai dai a fitar da gawa biyu.

Mai Biro ta leƙa ɗaki ta ga katifa, ta ce tun yaushe? Na faɗa mata. Sai ta zauna daɓas a kan katifar ta riƙe kai. Ashe mako guda tana bin mutane tana roƙar mini katifa, wadda ta samo ma tana cikin mota a ƙasa. Wai ba mai karɓar keke. Wai wadda ta fara samu ita suke haɗawa da makaranta ta ɗinka kayan 'yan makaranta, ɓoyon nan ne ya sa aka tsallake ni a zagayen da ya wuce. Matar mai walda tana bakin ƙofarta tana ji, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Na ce to ki karanta mini abin da kike rubutawa a kaina. Ta karanta tun daga farko. Har da wai ina da hannu mai kyau. Na ce wata biyu kina zaune a kan bokitina, me ya hana ki buɗe baki? Ta ce laifinta ne. Na ce ai na sani.

Kar ki ce in gode mata, ban kai nan ba tukuna. Mai farar rigar ta ce in sauke yarinya ta duba ƙirjinta, na ce ta duba a inda take. A bayana ta saurari tarin, ta ba da magani. Ban kwance goyon ba sai da na ji motarsu ta fita daga layi.

Ki shafa mini kan yara.
Ƙanwarki